LAUZU DA ADUWA A TARIHIN TURARE

Duk wanda ya taɓa zama wurin buɗen lefe a Lajawa, ko a wani gari na ƙasar Wudil, ya san cewa bayan an gama ƙirga turamen atamfa da leshi, akwai akwatin da mata suke ɗokin a buɗe, watau na kayan shafa. A ciki ake tarar da kwalaben turare, da man shafawa, da sabulu, sa'an nan idan gidan masu hali ne, da humra da turaren wuta irin na Barno. Da za a bi kayan nan ɗaya bayan ɗaya ana shinshinawa, da wuya a rasa wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi da ɗan ɗaci a ƙarshensa, wanda hancin Bahaushe ya saba da shi amma bakinsa bai san sunansa ba. Masu sana'ar turare a ƙasashen waje suna kiransa ƙamshin lauzu mai ɗaci. Ga shi kuwa ba a noman lauzu a ƙasar Kano, kuma a cikin kwalaben ma galibi babu ko ɗigonsa. Yadda ƙamshin ya rabu da itacensa har ya yi tafiya shi kaɗai, da wanda ya ci ribar wannan rabuwa, shi ne abin da wannan lacca za ta bi diddigi.

Tun da farko ya kamata a kawar da wani ruɗani. Itacen nan mai faɗin ganye da ake dasawa a harabar makarantu da ofisoshin gwamnati saboda inuwa, wanda ake ce wa almon, yara suna fasa ƙwallonsa da dutse, ba shi ake nufi ba. Wancan ɗan'uwan baushe ne, aron suna kawai ya yi. Lauzu na ainihi, kamar yadda Larabawa suke kiransa, itace ne matsakaici wanda asalinsa yake duwatsun Farisa da ƙasashen da ke kewaye da ita. Yana bukatar sanyi mai tsanani na ɗaruruwan sa'o'i kafin ya yi fure, yana son ruwan sama a lokacin sanyi, da rani busasshe lokacin da 'ya'yansa suke nuna. A ƙasar Hausa kuwa al'amarin a juye yake, gama ruwa yana zuwa ne tare da zafi, sanyin hunturu kuma bai kai ya ishe shi ba.

Lauzun daji guba ne. A cikin ƙwayarsa akwai wani sinadari da masana suke kira amigdalin, wanda ba ya cutarwa muddin ƙwayar tana nan lafiya. Da zarar an tauna ta ko an daka ta ta haɗu da ruwa, sai sinadarin ya tsage gida uku: sukari, da wani mai mai ƙamshi, da gubar sayanayid. Ƙwaya kimanin 50 tana iya kashe babban mutum, yaro kuwa 'yan kaɗan sun ishe shi. Wannan ba baƙon al'amari ba ne ga mutanen karkara. Makiyayan da suke koro shanu kasuwar Wudil ranar Juma'a sun san abin da gyauron dawa yake yi wa saniya idan ta afka masa da yunwa, matan da suke jiƙa rogo mai ɗaci kwana da kwanaki su ma sun san dalilin jiƙon. Gubar ɗaya ce. A shekarar 1902 wasu masana biyu a Landan, Dunstan da Henry, suka fitar da sinadarin da yake haifar da ita a cikin ɗanyar dawa, suka raɗa masa suna daga kalmar da Larabawa suke kiran dawa da ita. Ashe ke nan dawa da rogo da lauzu dabara guda suke yi don su kare kansu daga bakin dabba.

Jefi-jefi a cikin daji akan sami itace guda wanda ƙwayarsa ba ta da ɗaci. Manoman farko suka gane irin waɗannan, suka riƙa shuka su. An tono lauzu a kufan garuruwan ƙasar Jodan na wajen shekara 3000 zuwa 2000 kafin Miladiyya, an kuma same shi cikin guzurin da aka binne Fir'auna Tutankhamun da shi wajen 1325 kafin Miladiyya, sa'ad da aka buɗe kabarinsa bayan gano shi a 1922. Sai a shekarar 2019 masu bincike suka nuna cewa ɗan canji guda a ƙwayar halitta ɗaya shi ne ya raba mai zaƙi da mai ɗaci. Mai zaƙin ya tafi wurin masu abinci. Mai ɗacin, wanda a bisa hankali ya kamata a sare a huta, sai masu turare da masu magani suka riƙe shi.

A nan akwai abin da ya wajaba ɗalibi ya fahimta, in ba haka ba sauran tarihin ba zai shiga ba. Ƙamshin fure ko na ƙaro ba ya zama shi kaɗai, yana bukatar abin da zai goya shi, kamar yadda miya take bukatar ruwa. Kafin mutane su ƙware wajen tace barasa, mai shi ne magoyin turare. Saboda haka babbar tambayar maturara na dā ba wane fure ya fi ƙamshi ba ce, gama wannan kowa ya sani. Tambayar ita ce wane mai ne ba shi da warin kansa, ba ya saurin lalacewa, kuma yake karɓar ƙamshi ya riƙe. Theophrastus, almajirin Aristotle, wanda ya rasu wajen 287 kafin Miladiyya, ya rubuta ɗan littafi a kan ƙamshi inda ya auna mayukan zamaninsa. Ya ambaci man zaitun ɗanye, da man riɗi wanda ya ce ya fi karɓar wardi, da man lauzu mai ɗaci da ake matsewa a Kilikiya, kudancin Turkiyya ta yau. Amma wanda ya ce an fi aiki da shi, shi ne wani mai daga Masar da Sham mai suna balanos. Turaren birnin Mendes, wanda ya fi kowane suna a Masar, a kan balanos aka gina shi tare da mur da kirfa. Na biyunsa, metopiyon, wanda likita Dioscorides ya bayyana a ƙarni na 1 na Miladiyya, a kan man lauzu mai ɗaci aka gina shi, da zuma, da mur, da wani ƙaro mai ƙarfin wari.

To, mene ne balanos? Masana sun rabu biyu. Waɗansu sun ce aduwa ce, har ma sunan da aka ba aduwa a ilmin tsirrai daga wannan kalma aka ciro shi, aka jingina shi ga Masar. Waɗansu sun ce wani ɗan'uwan zogale ne da yake fitowa a duwatsun gefen Bahar Maliya. Wannan gardama ta shafi malaman jami'a, amma ga mutumin Lajawa duk inda ta faɗi sha ne, domin aduwa tana gonarsa, zogale yana dangarsa. Watau itacen da ya yi kishi da lauzu a kasuwar turare ta Iskandariya, har ya sha gabansa, ko dai shi ne wanda ake sassaƙa allo da shi, yara suna tsotsar 'ya'yansa su tofar da ƙwallon, ko kuwa dangin wanda ake kwaɗo da ganyensa. Ba a cika faɗar wannan a azuzuwan tarihi ba.

Sa'ad da ilmi ya koma hannun Musulmi, aka fassara littafin Dioscorides zuwa Larabci a Bagadaza cikin ƙarni na 9. A wannan ƙarni ne kuma aka sami littafin kimiyyar turare da ake jingina wa Alkindi, mai ɗauke da haɗi fiye da 100. Maturaran Iraƙi da Farisa suna da wata dabara mai ban sha'awa: sai a shimfiɗa ɓararren lauzu mai zaƙi ko riɗi, a lulluɓe shi da furen wardi ko banafsaji, idan furen ya yi yaushi a kwashe a zuba sabo, a yi ta maimaitawa har ƙwayar ta ƙoshi da ƙamshi, sa'an nan a matse man. Babu wuta, babu tukunya, sai haƙuri. Har yanzu ana yin irin wannan da riɗi da yasmin a Indiya. Noman lauzu ya bunƙasa a Andalus da Sisili da Maroko, ta yadda a ƙarni na 19 lauzu mai zaƙi da mai ɗaci suna cikin manyan kayan da jirage suke ɗauka daga tashar Sawira zuwa Turai.

Kano ta shiga wannan ciniki ne a matsayin mai saye da mai haɗawa. Tun bayan da aka kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kayan ƙamshi suna cikin abin da ayarin raƙuma yake saukewa. Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa lubban da jawi da kanumfari da makamantansu da ake shigowa da su a shekara sun kai na wuri miliyan 15, man wardi shi kaɗai kuwa na wuri miliyan 40. Ya kuma lura cewa kaɗan ne kawai daga man wardin yake isa rumfar kasuwa, yawancinsa a cikin zaure ake sayar wa sarakuna da manya, ko a kai musu gaisuwa da shi. Lissafin Barth na ƙiyasi ne, bai kamata a ɗauke shi kamar na kwastan ba, amma ya isa ya nuna cewa mutanen Kano sun daɗe suna zuba dukiya a kan ƙamshi. Abin da ƙasar take mayarwa arewa a wannan fanni shi ne jibda, ɗanya, a cikin ƙaho.

Ƙamshin lauzu kansa ta gabas ya fi shigowa. Akwai wani ɗan'uwan lauzu a ƙasashen Sham da Turkiyya mai ƙananan ƙwayoyi, ana ce masa mahalab, wanda yake da irin wannan ƙamshi amma a tausashe. Matan Sudan sun mai da shi ginshiƙin humra da dilka, suna niƙa shi tare da sandal da kanumfari da farce da almiski. Daga Sudan haɗin ya biyo hanyar alhazan ƙasa, ta Darfur da Wadai, ya zauna a hannun matan Shuwa da na Barebari, waɗanda har gobe su ne malaman wannan sana'a. Zirga-zirgar ta ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, sa'ad da jama'a masu yawa suka yi hijira gabas, har aka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Hanyar Kano zuwa Barno kuwa ta Wudil take ratsa kogi. Ba a bukatar dogon tunani a gane yadda kayan gyaran amarya irin na gabas suka saba da garuruwan wannan yanki.

A daidai lokacin da ayari yake wannan jigila, a Turai ana can ana kwance wa lauzu zani a kasuwa. A 1830 wasu masu haɗa magani biyu na Faransa, Robiquet da Boutron-Charlard, suka ware amigdalin. A 1832 Jamusawa biyu, Wöhler da Liebig, suka buga bincikensu a kan man lauzu mai ɗaci, binciken da ake lissafa shi cikin tubalan ilmin kimiyyar sinadarai na zamani. Suka nuna cewa ƙamshin ba wani sirrin itace ba ne, sinadari ne guda wanda yanzu ake kira benzaldihaid, kuma ana iya raba shi da gubar. Daga sanin abu zuwa ƙera shi tazarar ba ta da yawa. Kafin ƙarnin ya ƙare, masana'antu sun iya fitar da shi daga kwaltar gawayin kwal, daga baya kuma daga man fetur. A tsakani an yi wata ɓarna da ya kamata ma'aikatan lafiya su sani: masu sabulu mai araha sun riƙa zuba wani sinadari mai kama da shi a hanci, wanda suka yi wa laƙabi da man mirban, alhali guba ne da yake ratsa fata ya ɓata jini. An daɗe kafin a hana.

Sauran 'yan'uwan wannan ƙamshi suka biyo baya a jere. A 1868 Perkin na Ingila ya ƙera kumarin, wanda shi ne babban ƙamshin mahalab, a 1869 aka sami heliyotirofin mai ƙamshin lauzu da fure, a 1874 aka sami banilin. Da waɗannan ne gidajen turare na Faris suka gina sunansu: Fougère Royale na Houbigant a 1882, Jicky na Guerlain a 1889, L'Heure Bleue a 1912, har zuwa Hypnotic Poison na Dior a 1998, wanda aka tallata shi da sunan lauzu mai ɗaci. Man shafawa na Jergens, wanda ya daɗe yana shiga akwatin lefe, da wannan ƙamshi aka san shi tun farkon ƙarni na 20. Ko abin da ake sayarwa yau da sunan man lauzu mai ɗaci na asali, yawancinsa daga ƙwallon mishmish ake tatsarsa, ko a juya man kirfa ya koma shi. Itacen lauzu bai mutu ba, sai ma ya yi arziki ta wata hanya, gama Kalifoniya ta Amurka tana noma fiye da rabin na duniya, amma don ci da yin madara da man shafa. Manomin lauzu mai ɗaci na Maroko da Sisili shi ne aka bari riƙe da itacen da ƙamshinsa ya tafi ya bar shi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ayarin Sahara ya mutu, kwalba ta maye gurbin ƙaho da tandu. Labarin Bint el Sudan, wanda Hausawa suke ce wa Bintu Sudan, ya isa misali. A 1920 kamfanin W. J. Bush na Landan ya fito da shi, bayan wakilinsa Eric Burgess ya koyo irin ƙamshin da mutanen Sudan suke so. Hikimar kamfanin ita ce ya gane cewa Turai ta koma turaren barasa tun zamanin ruwan Kolon na ƙarni na 18, amma Musulmi ba su saki turaren mai ba, saboda salla. Sai ya yi nasa da mai. Turaren ya bi alhazai da fatake ya cika Afirka ta Yamma, har daga baya aka riƙa haɗa shi a Kano. Ɗanɗanon na mutanen Sudan ne, kasuwar ta Musulmin Afirka ce, amma a wancan lokaci sunan da sirrin haɗin na Landan ne. A sana'ar turare kuwa nan kuɗin yake.

Wannan ne ya sa bai kamata a ruɗi manomi da cewa man aduwa zinariya ne ba. Magoyi a kullum shi ne mafi araha a cikin kwalba, kuma yawancin turaren mai da ake aunawa a Kurmi da Sabon Gari a yau, wani ruwa mai kauri da aka samo daga man fetur ne yake goye da shi, wanda babu man itacen da zai yi gasar farashi da shi. Duk da haka akwai abin dubawa. Ƙwayar aduwa tana ɗauke da mai fiye da kashi 40 cikin 100 na nauyinta, ta zogale ta kusa haka. Man zogale yana daɗewa bai yi ɗoyi ba, abin da ya sa maturaran Turai suka yi aiki da irinsa wajen kama ƙamshin fure, masu gyaran agogo kuma suka riƙa ɗiga shi a cikin agogo. Kamfanonin kayan shafa na waje sun dawo suna neman mayukan itatuwa, suna kuma rubuta sunan itacen a jikin kwalba don su ƙara kuɗi. A Damagaram wani ƙaramin kamfani mai suna Sahara Sahel Foods ya shiga sayen aduwa daga hannun matan karkara yana tatsar manta. Riɗi kuwa, wanda Theophrastus ya yaba, Nijeriya tana cikin manyan masu fitar da shi, amma a buhu yake barin Maigatari da Dawanau, kamar yadda a dā jibda take barin Kano a ƙaho.

Ɓangaren da ya fi daraja, watau ilmin haɗi, yana nan a hannun matan da suke yin humra da turaren wuta a cikin gidaje, daga Maiduguri har zuwa ƙauyukan Wudil. Su ne suka san yawan mahalab da zai zauna da sandal bai danne shi ba, da yadda ake soya farce a kashe ƙarninsa, da kwanakin da haɗi zai yi a rufe kafin ya nuna. Mafi yawan wannan ilmi a ka yake, ba a rubuce ba, ba shi da rajistar suna, kuma ana zuba shi ne a kwalaben da wani kamfani ya riga ya ci ribarsu. Jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda ta fara karatu a 2001, take kuma ɗauke da sunan Aliko Ɗangote yanzu, tana da ɗaliban kimiyyar sinadarai da na aikin gona waɗanda suke neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara. Gwajin da Theophrastus ya yi da hanci, su suna da na'urar yinsa: a ɗauki man aduwa da na zogale da na riɗi da na lauzu, a ba kowanne mahalab da sandal daidai wa daida, a ajiye su a zafin watan Afrilu na Kano, a ga wanda zai riƙe.

Sai dai gwajin yana bukatar itacen ya kasance a tsaye. Aduwa tana da itace mai ƙarfi wanda yake ci da kyau a murhu, saboda haka masu gawayi da masu faskare suna sonta, kuma kowace motar itace da ta haye gadar Wudil ta nufi birni ba a rasa ta a ciki. Ma'aikacin gandun daji da yake sa hannu a takardar izinin sara ya kamata ya riƙa tunawa cewa aduwar da aka kayar da gatari a wuni guda, wadda aka shuka a madadinta sai ta shekara biyar zuwa bakwai kafin ta fara 'ya'ya, ba ta kuma kai cikar haihuwarta sai ta haura shekara 15.